Suturar aiki a Riyad

'Yar'uwa, kin ce kin samu aikin banki a Riyad, kina tambayar me za ki riƙa sawa. Allah ya sanya alheri.

Tun 2019 Saudiyya ta daina tilasta wa baƙi mata sa abaya, amma ni dai shawarata ki sayi biyu, baƙa da ruwan toka, ki riƙa ɗorawa kan doguwar riga ko wando mai faɗi. Hannun riga ya sauko har wuyan hannu, kuma kada kaya su matse ki. Ki zaɓi yadi mara nauyi, don zafin Yuli yana wuce digiri 40. Gyale kuwa kada ya bar jakarki. Atamfa da ɗaurin ɗankwali ki adana su sai ranar biki.