Matsin iska a ɗakin kaji: amsoshin tambayoyin masu kiwo

Tambaya: Malam, na sa fankoki huɗu masu zuƙe iska a rufaffen ɗakin kajina, amma shimfiɗa na jiƙewa ta bakin bango, 'yan tsaki kuma sai takurewa a tsakiya. In ƙara fanka?

Amsa: Dakata tukuna, Alhaji. Abin da ka kwatanta ya fi kama da ɗaki mai yoyon iska. Idan fanka ta zuƙe iskar ciki, matsin cikin ɗakin yakan ɗan gaza na waje, wannan bambancin ne ke janyo sabuwar iska ta kafofin da ka buɗe mata. Da paskal ake auna shi. In ya yi kaɗan, iska mai sanyi za ta shigo a sanyaye, ta zube kan kajin nan gindin bango. In ya kai yadda ake so, sai ta harba ta bi rufi har tsakiyar ɗaki, ta gauraya da ɗumin sama kafin ta sauko. Lissafin da muke bi shi ne kowane paskal 2.5 na tura iska kusan santimita 60. Ɗaki mai faɗin mita 12, iskar na da tafiyar mita 6 daga kowane gefe, kenan paskal 25 kake nema.

Don gwada yoyon, ranar da ɗakin ba kaji, rufe ƙofofi da kafofi duka, ka kunna fankar da ke jan kimanin kubik mita 18 a awa ga kowace murabba'in mita ta daɓe. Ɗaki mai kyau zai nuna paskal 37 ko fiye. In ka ga 15, to ta tsagar bango, ƙarƙashin ƙofa da gefen labule iskar ke satar hanya. Toshe su ya fi sabuwar fanka sauƙi.

Tambaya: Ba ni da na'urar auna matsi. Akwai dabara?

Amsa: Akwai. Lanƙwasa siririn tiyo mai gani-har-hanji kamar harafin U, ka zuba ruwa, baki ɗaya a cikin ɗaki, ɗayan a waje inda iska ba ta bugawa. Tazarar milimita 1 tsakanin ruwan ɓangarorin biyu ta kusa paskal 10. Ka ga paskal 25 milimita 2.5 ne kawai, ido na iya yaudararka, don haka ka kwantar da ɓangare ɗaya a karkace domin motsin ruwan ya yi tsawo. Ta wucin gadi ce dai. Mai kaji da yawa ya sayi manomita, wato na'urar auna matsi.

Tambaya: Tawa na'urar na nuna paskal 50. Ai iska ta wadata kenan?

Amsa: A'a, Hajiya, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Matsi daban, yawan iskar da ke wucewa daban. Lambar ta hau ne saboda fankokinki na fama: kafofin shiga sun yi kaɗan, ko ragar sanyaya iska ta toshe da ƙura. Duk sanda matsi ya ƙaru, abin da fanka ke fitarwa raguwa yake yi. Shi ya sa in za ki sayi fanka, kada ki dubi ƙarfinta a matsi sifili, dubi wanda aka rubuta a paskal 25.

Yawan iska kuwa, gudunta ake ninkawa da girman hanyar da take bi. Ɗauki anemomita, na'urar auna gudun iska, ki auna wurare kamar tara a layi ɗaya da ya ratsa faɗin ɗakin, sama da ƙasa, tsakiya da gefe, nesa da bakin fanka, ki fitar da matsakaici. Faɗin mita 12 da tsayin mita 2.5 sun ba da murabba'in mita 30. In gudun mita 2.5 ne a daƙiƙa, wanda manyan kajin nama ke so lokacin zafi, kina da kubik mita 75 a daƙiƙa, wato 270,000 a awa. In awonki ya gaza abin da fankokin ya kamata su bayar, fara da wanke fukafukai da marufan fanka, sannan ki danna bel ɗin da yatsa ki ji ko ya saki.