Jitar kawu babu pikof ɗaya: a fesa mata fenti ko a sayar haka?

Tambaya: Salam Malam. Kawuna ne ya rasu bara, a zamaninsa yayi kiɗa da wani ban, wato ƙungiyar makaɗa, a Jos wajen shekarun 1970, muna kwashe kayan ɗakinsa sai muka tarar da jitarsa ta lantarki a bayan wadrob. An rubuta Fender Stratocaster a kanta, kan nata babba ne mai faɗi, a baya inda wuya ya haɗu da jiki akwai ƙarfe mai sukuru huɗu da babban harafin F da lamba guda shida. Babu wayar kaɗawa ko ɗaya, pikof, wato maganaɗisun nan da ke ɗaukar sautin wayoyin, biyu ne maimakon uku, makullan ɗaure waya biyu sun ɓace, ɗan ƙarfen nan da ake girgiza sauti dashi ma babu, fentin duk ya tsattsage. Wani mai fentin mota yace zai kankare ya fesa sabo, wani kuma ya taya naira dubu 150 a yadda take. Ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu yasa ya huta.

Da farko dai don Allah kar ka bari mai fentin motan nan ya taɓa ta, shi ma mai tayin dubu 150 kace masa kaji zaka neme shi. Idan ta tabbata jitar nan ta gaske ce, tsattsagaggen fentin da kake ganin ya lalace yana cikin abubuwan da suka fi tsada a jikinta. A wajen dillalan tsofaffin jita a Amurka da Turai abu ne sananne cewa sake fenti yana zubar da kusan rabin kuɗin jita, kuma wannan ma idan gwani ne yayi, to ina ga wanda zai sa sampefa ya kankare har katako ya fesa fentin bamba. Duk sauran abin da ya ɓace ana iya nemo madadinsa, fentin masana'anta kuwa in ya tafi shikenan.

Siffar da ka bayar ta nuna wani zamani. Leo Fender ya fito da Stratocaster a 1954 a Fullerton ta jihar Kalifoniya, a watan Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, kan dala miliyan 13. A ƙarshen 1965 ne aka ƙara girman kan jitar aka fara sa ƙarfen baya mai babban F, sai a 1971 aka koma sukuru uku. Kaga kenan babban kai da sukuru huɗu da F yana nufin tsakanin ƙarshen 1965 zuwa 1971. Basu kai na kafin CBS daraja ba amma cikakkiya wadda ba a canza mata komai ba tana haura dala dubu goma, wasu shekarun ma ninki. Amma fa kar ka fara lissafin kuɗi tukuna, domin wancan ƙarfen sukuru huɗu ne kawai ke riƙe dashi kowa zai iya ɗaura shi a kan kowace jita, sunan Fender ɗin kuma sitika ce ana sayar da ita. A shekarun 1970 Japan ta cika duniya da kwafin Stratocaster, kuma mafi yawan tsofaffin jitar da nake gani a hannun mutanenmu, na ban ɗin hotel da na coci, irin waɗannan ne ko kuma haɗe-haɗe, wuyan wata jikin wata.

Shaidar gaskiya a ciki take. Tunda babu waya babu abin da ke jan wuyan, ka shimfiɗa bargo, ka samu sukurdireba da ta zauna daidai a kan sukurun, ka kwance huɗun nan a hankali ka zare wuyan. A gindinsa zakaga hatimi na tawada kamar haka 22 MAR 68 B. Mutane da yawa suna ɗauka 22 ɗin ranar wata ce, a'a lambar samfurin jitar ce, MAR 68 shine wata da shekara, B kuma faɗin wuyan. Daga nan ka leƙa ramin da wuyan ya fito, idan kaga katakon hawa-hawa kamar filawud to magana ta ƙare, Fender na wancan lokacin basa amfani da filawud. Sai ka kwance farar robar gaba ka ɗaga ta kaɗan kar ka ja wayoyin, a jikin ƙarafunan da ake murɗa sauti dasu akwai lamba, misali 1376612, wato 137 kamfanin CTS ne, 66 shekara, 12 kuma mako na goma sha biyu. In kaga 304 a farko kamfanin Stackpole ne. Wani abu a nan, CBS sun sayi tulin waɗannan ƙarafunan a 1966 suka yi shekaru suna sawa, don haka lambar 66 bata nufin a 66 aka yi jitar, abin da take cewa kawai jitar bata girmi 66 ba. Ka juya pikof biyun da suka rage, na zamanin nan gindinsu ruwan toka ne sau da yawa da kwanan wata a rubuce. Duk abin da ka buɗe ka ɗauki hoto cikin haske, kowane sukuru kuma ka maida shi raminsa.

To a ce komai ya dace, ya ake yi mata kuɗi tunda bata cika ba? Ana fara duba nawa aka sayar da cikakkiya irinta, a Reverb, shafin intanet na cinikin kayan kiɗa, ana ganin farashin da aka yi ciniki a kai, shi zaka duba ba wanda mai kaya ya rubuta yana fata ba. Daga nan sai a riƙa cirewa, kuma abubuwan da suka ɓace ba nauyinsu ɗaya ba. Ƙarfen girgiza sauti ba komai bane, tsofaffin jita da yawa basu da nasu. Makullai biyu ma da sauƙi, ana samun na zamaninsu, sai dai ka lura har wajen 1967 na kamfanin Kluson ake sawa daga baya aka koma masu F a bayansu kuma ramukan sukurunsu sun bambanta, kar wani ya kawo maka kowane iri ya huda sabon rami a kan jitar, rami ɗaya a nan yafi rashin makullan biyu ɓarna. Pikof ɗin shine babban giɓi, saboda masu saye suna son ukun su zama 'yan gida ɗaya kuma dalmar da aka liƙa wayoyinsu ba a taɓa ta ba, taka kam an riga an taɓa.

Shi yasa zan ce ka koma ɗakin kawu ka bincika gwangwanaye da akwatuna da aljihun jakar jitar in akwai. Makaɗa basa jefar da pikof in ya mutu, cirewa suke su ajiye da niyyar gyara. Mataccen pikof na asali yafi sabo daraja, domin ana sake masa naɗi a kan maganaɗisunsa na asali. Amma ba naɗin fanka bane fa, waya ce siririya kamar gashi mai lamba 42 ana zagaya ta kusan sau dubu takwas, aikin masu wannan sana'ar ne. Biyun da suka rage ka kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita kawai ba tare da ya kunna ayan dalma ba, mai rai zai nuna wajen om dubu biyar da rabi zuwa dubu shida da ɗori. Jakar ma in ta asali ce tana da kuɗinta daban.

Abin da nafi tsoro a jitar da ta shekara talatin ko arba'in a jingine shine wuyan. Ka ɗaga shi ka hanga daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa ba matsala bane akwai ƙarfe a ciki da ake gyara shi dashi, murɗewa ita ce cutar. Kuma kar ka gwada juya notin ƙarfen da ƙarfi, in ya ƙi to ya ƙi, in ya karye a ciki aikin ya koma tiyata. Hunturun Jos da bushewar iska suna sa katako ya tsuke har bakin ƙarafunan wuya su fito suna yankar hannu, wannan ana goge shi da fayil, gyara ne na yau da kullum baya rage daraja sosai. Tsattsagewar fentin ma daga nan take, har wajen 1968 wani irin fenti da ake kira naitro Fender suke sawa wanda dama haka yake tsufa. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, kar tina kar sifirit kar turare, narkar dashi suke.

Za kaji ana cewa ai jitar shahararren makaɗi Eric Clapton da ake kira Blackie haɗe-haɗe ce daga jita uku amma an sayar da ita dala 959,500 a 2004, ta David Gilmour baƙar nan da aka canza wa kusan komai ta kai dala 3,975,000 a 2019. Gaskiya ne, sai dai sunan masu su aka saya a can. Duk da haka hoton kawu riƙe da jitar a dandali ko a bangon faifai yana da amfani ƙwarai, yana nuna tun yaushe take hannunsa kuma yana kwantar da hankalin mai saye, ka nemo su wajen iyali.

Ni a ra'ayina in sayarwa za kuyi kar ku gyara komai, ku sayar a yadda take da hotunan ciki, wanda zai biya kuɗi na gaske yafi son ya gyara da kansa. Wasu zasu ce a farfasa a sayar da wuya daban jiki daban pikof daban wai yafi kawo kuɗi, wani lokacin hakane amma bana so, musamman ga jitar da wuyanta da jikinta tare suka fito daga masana'anta. In kuma kaɗawa kake son yi, ka sayi sabuwar robar gaba da aka riga aka jera mata pikof uku ka ɗaura, tsohuwar da kayanta ka naɗe ka ajiye, waya uku kacal za a liƙa kuma duk ranar da kaso ana maida ta yadda take, sai dai ka tabbatar ramukan sabuwar sun hau kan na da. In ta tashi kwafin Japan ce to hankalinka kwance, ka gyara yadda kake so, sai a duba tayin mutumin nan da idon rahama.

Abu biyu kafin ciniki. Idan allon saman wuyan baƙin katako ne mai duhu kuma jitar ta farkon zamanin nan ce yana iya zama rozwud na Brazil, wanda tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai hana cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa shi a mataki mafi tsanani, fitar dashi waje sai da takarda in ba haka ba kwastan na can su riƙe. Sannan jitar nan kayan gado ce, ka sanar da magadan kawu abin da ake ciki tun yanzu kafin kowa yaji maganar dala a bakin wani. Ka turo hoton gindin wuyan da lambar ƙarafunan murɗa sautin da bayan pikof ɗin mu gani.