Manhajar tsara ayyuka ta daina tuna mini bayan na sauya waya

Tambaya: Ni mai ɗinki ce, kuma a wata manhajar tsara ayyuka nake rubuta ranar da kowa zai karɓi kayansa. Tun da na koma waya mai Android 14 ta daina ƙara idan lokaci ya yi. In biya kuɗin manhajar ne, ko in nemi wata?

Amsa: Malama, kada ki kashe ko kwabo tukuna, domin a mafi yawan lokuta matsalar izini ce, kuma biyan kuɗi ba ya gyara ta. Tun daga Android 13, wanda ya fito a 2022, duk manhajar da aka sauke sabuwa sai mai waya ya yarje mata kafin ta aiko da sanarwa. Android 14 na 2023 ya ƙara tsanantawa, inda yake hana yawancin sababbin manhajoji buga ƙararrawa a daidai mintin da aka sa musu, har sai an buɗe musu da hannu. Ki shiga saitin waya, ki nemo manhajar, ki kunna sanarwarta, sannan ki kunna wurin da aka rubuta Alarms & reminders. Daga nan ki cire ta daga jerin waɗanda waya ke kashewa don tattalin batir. Ki gwada da ƙaramin aiki na minti biyar masu zuwa, ki kulle allo, ki ajiye wayar a kan keken ɗinki ki saurara.

Idan duk da haka shiru, ki duba Play Store ki ga ranar da aka yi mata sabuntawa ta ƙarshe. Manhajar da masu ita suka yi shekara biyu ba su taɓa ta ba, a ganina bai kamata a damƙa mata alkawarin kayan sallar mutane ba, balle a biya mata kuɗi. Google Tasks da Microsoft To Do kyauta ne, ana kula da su, kuma suna ajiye ayyuka a asusunki ta intanet, ta yadda ko waya ta sauya ba za su ɓace ba.

Kafin ki goge tsohuwar manhajar, ki kwafe sunaye da ranakun zuwa cikin littafin awo, domin wasu manhajoji a cikin wayar kaɗai suke ajiya, kuma gogewa kan tafi da komai.