Zane, sassaƙa da zayyana: amsa ga mai tambaya daga Maraɗi

Wata baiwar Allah ta aiko mini daga Maraɗi. Ta ce ta gaji wata tsohuwar ƙwarya wurin kakarta, bayanta cike da ado, tana son sanin ko zane za ta kira shi, ko sassaƙa, ko zayyana. Ta kuma nemi bayanin karin maganar nan, "hali zanen dutse".

Malama, adon ƙwaryarki zane ne. Sassaƙa aikin gizago ce: a sari ice a rage shi har turmi ko akushi ya fito. Zayyana kuwa daga Larabci muka aro ta, ma'anarta ƙawatawa, kuma da alƙalami da tawada ake yin ta, kamar wadda ake yi wa allon ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani. Daga nan ne muke cewa mutum ya zayyana magana, wato ya fito da ita filla-filla.

Zane ya fi su faɗi. A baki ana jan wasalin farko, zaane, shi ya raba shi da zanen ɗaurawa, ko da yake rubutunsu ɗaya. Asalinsa jan layi ne a jikin abu har ya bar gurbi. Shi ya sa tsagar da wanzami ke yi a kumatu zane ce, kuma in aka ce an zane yaro, sawun bulala ake nufi.

Ki ɗauko ƙwaryar, ki bi layukan da ɗan yatsa. In kin ji kwarmi siriri mai baƙi a ciki, da tsinin ƙarfe aka karce, sannan aka shafa baƙin tukunya da ɗan mai ya zauna a ramin. In layin ya yi faɗi, gefensa ya yi ja-ja kamar ƙonanniyar gurasa, to wuƙa aka sa a wuta aka ɗora. Abin da ke burge ni a irin wannan aiki, mai shi ba ta da damar gogewa. Ƙwarya kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, a cinya ake juya ta, amma sai ki ga layi ya zagayo ya haɗu da mafarinsa daidai. Don Allah kada ki bari a shafa mata fenti, in ta tsage a kai wa gyartai.

Karin maganar ma daga nan ta fito. Rubutun allo ana wanke shi, na ƙasa iska ke share shi, amma abin da aka karta a dutse ya zauna, haka Bahaushe ya ga halin mutum. Shaida tana ƙasarku: a Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka zana a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5, kuma har yau ana iya ƙirga dabbare-dabbaren jikinsa.