Me ya sa feshi ba ya kashe sauro yanzu?

Malam, ka ce kana fesa magani ka rufe ɗaki, amma cikin dare sauro na nan yana kuka a kunne. Ba lallai jabu ka saya ba. Yawancin maganin feshi da na jikin gidan sauro dangin sinadari ɗaya ne, fairetiroyid, kuma da irinsa manoma ke feshin auduga da kayan lambu. Sauron da ya tsira shi ke hayayyafa, 'ya'yansa su gaji juriyar. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gidan sauro mai sinadari biyu.

Don Allah kada ka jingine naka. Ko maganin ya yi rauni, ragar tana tare cizo, musamman ga yara da masu ciki. Ɗinke inda ya yage, ka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.