Kada ka sa jarinka a kan sayar da gansakuka

Wani mai kiwon kifi ya tambaye ni: kuɗin sauya ruwa yana cinye masa riba, ya kuma ji ana tace gurɓataccen ruwan kifi da gansakuka da ƙwayoyin bakteriya, har a sayar da gansakukar. Shin ya zuba jari?

Malam, ka zuba, amma ka san inda ribar take. Daga sinadarin naitirojin da ke cikin abincin da kake watsa wa kifi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zama tsoka. Sauran yana komawa ruwa, mafi yawa a matsayin amoniya, wadda guba ce ga kifi. Bakteriya irin su Nitrosomonas suna mayar da ita naitirait, wasu kamar Nitrobacter su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Gansakuka irin Chlorella kuma takan zuƙe naitirojin da fosfaras muddin tana samun rana. Ribarka ita ce ruwan da ba ka sake jawowa ba, da kifin da bai mutu ba.

Sayar da gansakukar kuwa, cire shi daga lissafi tukuna. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, raba ta da ruwa da busar da ita na cin kuɗi. Amma dole ka riƙa kwashe ta, don in ta mutu a ciki, duk abin da ta zuƙa zai koma ruwan.

Abin da ya fi damuna shi ne dare. Da rana gansakuka na ba da oksijin, da dare ita ma shaƙa take yi. Leƙa tafki da asuba: in ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki, iska ta yi ƙasa. Saboda haka ka ware mata kwami daban, marar zurfi, kamar santimita 30, ka kuma sa kuɗin injin hura iska da wutar ko-ta-kwana cikin jarin farko. Bakteriyar ma ba ta aiki sai da iska.

Fara da tafki ɗaya. Matatar bakteriya, wato wurin da bakteriyar ke zaune suna tace ruwan, takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta kankama, kada ka ƙara yawan kifi ko yawan abinci a lokacin. Sayi kayan gwajin amoniya da naitirait, ka riƙa rubuta kuɗin ruwa, wuta da yawan mace-mace. In ka kwashe kifin, ka kwatanta da tafkin da ba ka taɓa ba kafin ka faɗaɗa.