Tambayi Likita: Madarar kanti, man shanu da nonon ruga

Likita, man shanun da nake saya da damina ya fi rawaya da ƙamshi, na rani kuwa fari fat. Algus ake yi mana? (Wata uwargida daga Zariya)

Ba lallai ba ne, Hajiya. Ɗanyar ciyawa na ɗauke da karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. A cikin mai yake narkewa, shi ya sa yake taruwa a man shanu. Da rani, idan shanu sun koma kan kara, harawa da dusa, sai karotin ya ragu, man ya yi fari.

Irin kitsen ma yana canzawa. Saniyar da ke kiwo a fili ta fi ba da kitsen omega-3 mai amfani ga zuciya, a kan wadda ake ɗura wa hatsi a garke. A 2016 masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun tattara bincike masu yawa, suka ga madarar gonakin da ba sa amfani da takin zamani da maganin feshi, inda shanu suka fi cin ciyawa, ta fi sauran omega-3 da wajen kashi 50 cikin ɗari, amma sinadarin aidin ɗinta, mai hana ciwon maƙoƙo, bai kai nasu ba. Sai dai kada adadin ya ruɗe ki. Omega-3 ɗin madara dama kaɗan ne. Sadin ko kifin titus ya ninka shi nesa ba kusa ba.

Madarar gari ta 'yar leda da muke zuba wa yara a koko, daidai take da ta shanu? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Malam, wannan tambayar ta fi damuna, domin a nan matsalar ba daga ciyawa take ba, daga masana'anta take. Madarar saniya cikakkiya na da mai kusan kashi 3.5 cikin ɗari. Kamfanoni, musamman na Turai, kan kwashe wannan man su yi bota su sayar da tsada. Abin da ya rage sai a haɗa shi da man tsirrai, galibi tataccen manja, a busar, a turo Afirka ta Yamma da araha. Yawancin mai saye bai san an yi wannan musaya ba.

Ba guba ba ce. Tana da furotin da kalsiyam, wasu kuma an ƙara musu bitamin A da D. Amma kitsen da ke cikinta ba na saniya ba ne, don haka duk maganar da muka yi a sama ba ta shafe ta ba. Juya ledar ka karanta: idan ka ga "vegetable fat", ko "matière grasse végétale" a wajenku, to ita ce. Yaran da suka tasa za su iya sha. Jariri kam a'a. Nonon uwa zalla har wata shida, kuma wannan madarar ba ta maye gurbinsa.

To ashe gara in riƙa shan ɗanyar madara daga ruga? (Wani ɗalibi daga Yola)

Sha, ɗana, amma a tafasa tukuna. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar burusela, mai kawo zazzaɓin da ke tafiya ya dawo, gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Mutum kan yi ta shan maganin maleriya da taifot a banza kafin a gano ta. Tsamin nono kaɗai ba ya tabbatar da ƙwayoyin sun mutu, saboda haka ka tambayi mai nonon ko an dafa madarar kafin a kwantar da kindirmon. Tafasawa ba ta ɓata kitse ko kalsiyam. Abin da ba ta iya cirewa gaba ɗaya shi ne ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan an yi wa saniya allura aka tatse ta kafin kwanakin da likitan dabbobi ya gindaya su cika.